Yankuna Goma Sha Biyu da Wuyan Amos Tull

Litinin, 20 ga Mayu, 1776

Yau kwana arba'in da ɗaya da aka kawo mini Jotham kwance a kan ƙyauren ƙofa. Ɗana ɗaya tilo, shekararsa ashirin da uku. Tun ranar ban taɓa littafin nan ba. Na ɗauko shi ne don na rasa wanda zan faɗa wa. Mutanen Filadelfiya sun gaji da zancena, a fuskokinsu nake gani.

Bari in rubuta yadda abin ya faru tun kafin a juya mini shi. Jotham da mutum uku sun ɗauko wa sojojinmu albarushi a ƙaramin jirgi, za su shigo ta wani rafi da ba kowa ya san zurfinsa ba. Jirgin yaƙin sarkin Ingila yana tsaye a bakin teku, girmansa ba zai bar shi ya shiga ba. Amma kwale-kwalensa biyu sun riga su isa bakin rafin, sun laɓe cikin ciyawa. Baƙo bai san wannan hanya ba sai an ja shi. Enoch Rusk, wanda ya tsira da iyo, ya ce da idonsa ya ga wanda ke tsaye a goshin kwale-kwalen farko yana nuna hanya da hannu.

Amos Tull. Ƙanin marigayi mijina Gideon. Shi ya koya wa Jotham tuƙi a kogin nan. Shekara nawa yana shigowa kicin ɗina yana buɗe mini tukunya, ina korarsa da ludayi muna dariya.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na je gaban kwamitin unguwa. Sun riƙe Amos kwana shida, ya sa hannu a takarda cewa ba zai ƙara kusantar jiragen sarki ba, suka sake shi. Shi ke nan. Na tambayi shugabansu ko jinin ɗana takarda ya zama. Ya yi ta murza hularsa, ya ce har gobe a coci sarkin nan ake yi wa addu'a, alƙalai da sunansa suke zama. A idon doka Amos talakan sarki ne da ya taimaki jirgin sarki. Ya fara cewa ɗanki kuwa, sai ya yi shiru. Na ƙarasa masa. Ɗan tawaye.

To. Wanda aka kashe shi ne mai laifi, wanda ya kai shi yana gida yana cin abinci.

Talata, 28 ga Mayu

Na ba da ɗakin Jotham ga ɗaya daga cikin wakilan Babbar Majalisa. Garin ya cika da su, daga yankuna goma sha uku, kowane gida mai gado ya sami baƙo. Ba zan rubuta sunansa ko na yankinsa ba. Idan sojojin sarki masu jajayen riguna suka ci garin nan suka sami littafin, igiya ce. Alƙali ne a garinsu, don haka Mai Shari'a zan riƙa ce masa.

Dattijo ne mai ciwon ƙafa, ba ya cin barkono. Kafin ya amsa gaisuwa ma sai ya auna ta. Ya ce sun yi rantsuwar ba za su fitar da zancen majalisa ba. Za mu gani. Shekara ashirin ina ciyar da maza, na san lokacin da bakinsu ke saki.

Lahadi, 2 ga Yuni

A coci suna bencin da ke bayana, Amos da matarsa Keturah, cikinta ya fito sosai. Da limamin ya zo kan addu'ar Allah ya ja zamanin sarki, kowa ya durƙusa, ni na zauna ƙyam. Na ji muryar Amos cikin masu cewa amin. Ko cikin mutum dubu zan gane ta.

A bakin ƙofa Keturah ta ce, "Yaya, ina kwana." Na dubi cikin nata, na wuce.

Juma'a, 7 ga Yuni

Mai Shari'a ya dawo da la'asar fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Na zuba masa ruwan tuffa, na gasa kifi yadda yake so, ban tambaye shi komai ba. Sai da ya ci rabi ya ce da kansa, yau wani wakili daga kudu ya miƙe ya karanta ƙuduri, cewa yankunan nan ƙasashe ne masu cin gashin kansu, babu sauran biyayya tsakaninsu da sarki. Ya ce da aka gama karantawa ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ƙudajen da ke shigowa daga bargar dawakin maƙwabta.

Na ce yaya ake yi? Ya ce kowane yanki ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan wakilansa. Wakilan yanki su fara ƙirga kansu, inda suka fi yawa nan ƙuri'ar take. Nasu sun rabu. Shi yana tsakiya.

Na ajiye tire. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan aka yanke, mutumin da ya ja jirgin sarki ya kai shi kan 'yan ƙasa, mene ne sunansa?"

"Daga ranar, maci amanar ƙasa."

"Hukuncinsa fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kin sani, Uwar Jotham."

Na sani. Yau na ci abinci har na ƙara.

Talata, 11 ga Yuni

Sun ɗage. Mako uku, sai ɗaya ga Yuli. Wai yankunan tsakiya ba su nuna ba, a ba su lokaci su ji daga gida. An naɗa mutum biyar su rubuta takardar sanarwa ta zauna a shirye. Takarda kuma. Mutanen nan idan gida na cin wuta sai sun naɗa kwamiti ya rubuta sunan wutar.

Asabar, 15 ga Yuni

A kasuwa Zilpa mai kifi ta ce ta ga Amos yana sayen sukari. Ta ce ta ɗaga murya ta tambaye shi ko shayin sarki zai sha da shi, ko kuwa yanzu da jinin dangi ake haɗawa. Duk layin ya ɗauki dariya, ya bar sukarin ya tafi. Mijinta Barnabas shi ne babban masu dakon kaya a tashar jirage. Ta ce Barnabas ya ce in dai ina so, magana ɗaya ce, suna da gangar kwalta da ba ta da aiki.

Na ce a'a. Ba na son kwalta. Kwalta ana wanke ta. Ina so alƙali ya zauna, a karanta sunansa, a karanta na Jotham, sannan a kai shi dandali da rana tsaka.

Laraba, 19 ga Yuni

Ya zo. Da hantsi, ina shanya a bayan gida, na ɗago na ga Amos a bakin shinge, hula a hannu. Ya rame. Na ji daɗin haka.

Ya ce minti ɗaya kawai yake roƙo. Ya ce sojojin sarki sun kama jirginsa ne a bakin teku, hafsan ya ɗora masa bindiga ya ce ko ya ja su ko su ƙone jirgin da shi a ciki. Ya kuma ce, ba zai ɓoye ba, shi har yanzu yana ganin tayar wa sarki hauka ne, ƙarshensa toka. Ina ta matse zanen gado.

Sai ya ce, "Yaya Damaris, wallahi ban san yana ciki ba."

Na ce, "Da ɗan wata ne, da babu laifi ke nan?"

Na ce masa ya tafi ya ci abin da zai ci, saura kwana goma sha biyu. Bai gane ba. Zai gane.

Da bakinsa ya faɗa. A gaban kwamiti ya musa, yau ya faɗa. Na rubuta ranar da lokacin.

Litinin, 24 ga Yuni

Enoch ya tafi da rundunar sa-kai wajen New York. Shaidata ɗaya. Ba komai, yanzu ni ce shaida.

Alhamis, 27 ga Yuni

Mai Shari'a ba ya cin abinci. Wasiƙu yake ta samu daga gida, wasu na cewa ya ce e, wasu na cewa idan ya ce e kada ya dawo. Ya ce ba ya ƙin 'yanci, lokacin ne yake tsoro. Ba mu da jiragen yaƙi, ba mu da ƙasar da ta ɗaure mana gindi, yankunan ma ba su gama yarda da juna ba. Ya ce ana so mu rushe gida alhali ba mu ɗora ko jinka a sabon ba.

Na hau sama na buɗe akwati na ɗauko rigar Jotham. Ban wanke ta ba. Na shimfiɗa masa ita a kan teburin, kusa da farantinsa, ramin harsashin yana sama. Na ce ga lokacin. Tun watan Afrilu ya yi.

Ya daɗe yana kallo. Ya naɗe ta da hannunsa a hankali, ya miƙo mini, ya ce ba a yanke makomar mutum miliyan biyu da rabi a kan riga ɗaya, ko ta wane ce. Na so in watsa masa miyar.

Litinin, 1 ga Yuli

Tun safe zafi kamar a murhu. Na rufe gida na tafi harabar Gidan Majalisa. Ba ni kaɗai ba, akwai masu dako, da mata, da 'yan kasuwa, kowa na kallon tagogin da aka rufe. Ba a jin komai. Wani lokaci murya ta ɗaga, sai ta faɗi. Zilpa ta ce da ita aka sa a ciki da tuni an gama an tafi cin abinci.

Da la'asar hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa da tsawa. Mutane suka watse. Na laɓe a gindin bango ban tafi ba. Awa tara suna ciki.

Mai Shari'a ya fito yana ɗingishi, bai so ya haɗa ido da ni ba. A hanya na tatsi labarin. Ƙuri'ar gwaji aka yi. Tara sun ce e. Biyu sun ce a'a. Ɗaya wakilansa biyu ne kacal, sun rabu, babu ƙuri'a. Ɗaya kuma bai sami izini daga gida ba, ya kame baki. An bari sai gobe, ko za a samu baki ya zo ɗaya.

Na ce naku fa? Ya kau da kai. Na ce kai fa? Ya ce, "Na ce a'a."

Na bar shi a tsakiyar titi cikin taɓo da ƙafar tasa. Na dafa miyar tumbi, na zuba barkono cike da hannu biyu. Ya ci cokali uku idonsa na ruwa.

Talata, 2 ga Yuli

An yi.

Ruwa ake yi tun asuba. Ban je harabar ba, na kasa. Na goge tukwane har hannuna ya yi jini. Wajen ƙarfe biyu na ji sandarsa a matakala. Ya zauna da jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya ce goma sha biyu sun ce e, babu a'a ko ɗaya, ɗaya har yanzu yana jiran izini. Yankin da ya rabu jiya, wakilinsa na uku ya taho a kan doki daga nesa cikin ruwan nan, ya shigo da taɓo har gwiwa ya raba gardama. Wasu masu a'a kuma suka ƙi zuwa don kada su tare hanya. Shi ya zo, kuma ya ce e.

Na durƙusa zan kama hannunsa. Ya janye. Ya ce kada in gode masa, ba rigar ba ce. Labari ya zo jiragen sarki fiye da ɗari sun iso bakin New York. Wanda ya aiko wannan ba sulhu ya zo yi ba. Idan za a mutu, gara a mutu baki ɗaya.

"Yau na sa wuyana cikin igiya," in ji shi, "ke kuma kina murna za a sa na wani."

Na ce e, ina yi. Na tambaye shi yaushe za a kama Amos.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ai ya faɗa mini, daga ranar. Dokar da za a haifa yanzu ba ta komawa baya ta kama abin da aka yi a Afrilu. Duk alƙalin da ya rataye mutum a kan laifin da ba laifi ba ne lokacin da aka yi shi, to sarkin da muka kora ya dawo ta taga. Idan Amos ya sake yi daga yau, wuyansa ne. Na baya kuwa sai Allah.

Na duba abin da na rubuta ranar bakwai ga Yuni. Haka ya ce. Daga ranar. Ni ce ban ji ba.

Sau biyu ke nan. Dokar sarki ta ce ɗana ɗan tawaye ne. Dokar 'yanci ta ce ya yi gaggawar mutuwa.

Laraba, 3 ga Yuli

Ban tashi ba. Ya nemi abinci a waje.

Alhamis, 4 ga Yuli

Wai sun gama gyaran takardar, an kai gidan ɗab'i. Mai Shari'a ya ce kwana biyu suna yanka kalmomi kamar mahauta. Su yanka.

Na je tashar jirage wajen Barnabas.

Litinin, 8 ga Yuli

Da tsakar rana aka karanta sanarwar a harabar Gidan Majalisa. Mutum ba masaka tsinke. Wani mai babbar murya ya hau dandamali ya yi ta jero laifuffukan sarki. Da ya zo kan ya washe tekunmu, ya ƙone garuruwanmu, ya hallaka mutanenmu, ban san lokacin da na yi ihu ba. Ƙararrawa ta ɗauka ko'ina a gari. Sojoji suka harba bindiga sama, duk da ƙarancin albarushi.

Barnabas ya ɗaga ni ya tsayar a kan ganga. Na faɗa musu. Ban ƙara komai ba, ban rage ba, sai zancen bindigar hafsan da ban ambata ba. Na ce ranar sha tara ga Yuni, a bayan gidana, da bakinsa Amos ya ce shi ya ja su. Na ɗaga rigar.

Mun kai mutum ɗari biyu da muka isa ƙofarsa. Bai gudu ba. Ya fito da kansa, ina jin don kada a shiga. Suka tuɓe shi zuwa ƙugu. Kwaltar ba ta huce ba, Barnabas ya ce ba a jira. Suka farke matashin kai biyu daga gadonsa suka zazzage masa gashin tsuntsun da ke ciki. Aka ɗora shi a amalanke, aka zaga da shi titin kasuwa, ana ce masa ya ce Allah ya tsine wa sarki. Ya ƙi. Suna dukansa yana ƙi. Zilpa na gefen amalanken tana cewa ga agwagwar sarki, wa zai taya.

Na bi su tun daga farko har ƙarshe. Ban kau da kai ba ko sau ɗaya. A ƙarshe kwamiti suka karɓe shi suka kulle, wai don kada a kashe shi.

Na ji daɗi. Na rubuta, na ji daɗi.

Talata, 9 ga Yuli

Mai Shari'a ya haɗa kayansa. Ya sami ɗaki a wani titi. A bakin ƙofa ya ce ba don wannan ya ce e ba. Na ce ni don wannan na jira. Ya ce ya sani, shi ya sa yake tausayina. Wa ya roƙe shi?

Ya tambaya ko na faɗa wa taron zancen bindigar. Ashe yana sama ranar, taga a buɗe. Na ce ƙafarsa ta kula da matakala.

Laraba, 10 ga Yuli

Warin kwalta a hancina. Na wanke gashina sau biyu.

Abin da ban rubuta shekaranjiya ba. Da suka zuba masa, bai kira Allah ba, bai kira matarsa ba. Gideon ya kira. Mijina, shekara shida da rasuwa. Kamar yaro yana kiran wansa.

Ba komai ba ne. Jotham ma wataƙila ya kira wani.

Juma'a, 12 ga Yuli

Zilpa ta ce likitan kurkuku ya yi ƙoƙarin cire kwaltar, fata ta biyo. Idon hagu ya tafi. Tana ba ni labari tana dariya tana fere kifi. Na ce ta auna mini ta bar surutu. Ta ce au, yau kuma? Na ce kaina ke ciwo.

Ta ce bayan mun tafi da shi wasu sun koma sun farfasa tagogi, sun kwashe abin da suka samu. Ban sa su wannan ba. Ban hana ba, amma ban sa su ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

An cire addu'ar sarki daga littafin coci. Limamin ya tsallake wurin. Bencin bayana babu kowa. Na yi zaton zan ji sanyi.

Talata, 16 ga Yuli

Yankin da ya rage ya aiko da e ɗinsa. Goma sha uku cif.

Da hantsi hanya ta bi da ni ta titin su Amos. Hanyar mai niƙa ce, kowa ya sani. An rufe tagogin da katako, an rubuta kalma a ƙofar da kwalta. Zan wuce na ji nishi. Na san irin wannan nishi. Maƙwabciyarsu tana leƙe ta labule, na tambaye ta ina ungozoma. Ta ce an aika tun jiya ta ƙi zuwa, ta ce ba ta shiga gidan 'yan sarki a ƙone mata nata. Na ce ke fa? Ta saki labulen.

Na tsaya. Na ce a raina, uwa ta rasa ɗa, wata ma ta ɗanɗana. Na faɗa har sau biyu, da kalmomin nan. Na yi taku kamar goma.

Na juyo na shiga. Keturah tana ƙasa a kicin, ko gado babu, sun kwashe. Saura mata wata guda, tsoro ya kawo shi da wuri. Da ta gan ni ta ja jiki ta manne da bango, ta kare cikin da hannu biyu. Ni. Kamar na zo da wuƙa.

Na ce, "Ke dalla buɗe ƙafa, ba hira na zo ba."

Har la'asar muna fama. Mace ce. Ƙarama kamar ɗan kyanwa, ba ta yi kuka ba sai da na juya ta na murza bayanta. Keturah ta yi ta cewa Yaya, Yaya. Na ce ta rufe mini baki.

Alhamis, 18 ga Yuli

Barnabas ya turo. Kwamiti za su zauna ranar Litinin a kan Amos. Ba za su iya rataye shi ba, amma idan na rantse a kan abin da ya faɗa mini za su riƙe shi a kurkuku har yaƙi ya ƙare. Da ciwon nan, in ji Barnabas, ba zai ga sanyin bana ba, ya zama ɗaya da igiya. Idan babu shaida, za su kora shi ya bi jiragen sarkinsa, kada ya sake taka ƙasar nan.

Na ce zan zo. Abin da nake jira ke nan tun Afrilu.

Asabar, 20 ga Yuli

Mai gidan ya ba Keturah kwana biyu ta fita. Jego kwana huɗu. Danginta suna can ƙauye, kuma sun ji labari.

Ba ruwana.

Litinin, 22 ga Yuli

Ban je ba. Na sa rigar coci, na ɗaura hula, har na kai ƙofa. Sai yarinyar Keturah, da ke sama a ɗakin Jotham tun jiya, ta ƙi kama nono, uwar kuma sakarya ce, ba ta san yadda ake riƙe ta ba. Kafin in gama nuna mata rana ta yi. Barnabas ya zo da kansa yana huci, ya ce sun jira ni awa biyu, sun yanke kora, jibi za a kai shi bakin ruwa. Ya ji kukan jariri daga sama, ya dube ni. Na ce masa ɗakin haya ne, wanda na ga dama nake ba wa. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce su zo su yi a gabana.

Ban yafe ba. Kada wanda ya karanta wannan ya ce na yafe. Idan na gan shi gobe ba zan amsa gaisuwarsa ba. Ɗakin ne babu kowa, ɗaki kuma idan ya zauna haka ɗanshi ke cinye shi.

Keturah ta tambaya ko za ta iya zuwa bakin ruwa jibi Amos ya ga yarinyar. Na ce ba za ta iya tafiyar ba, jini bai tsaya mata ba. Ta yi ta kuka a hankali, irin mai ban haushin nan.

Sai dai wani ya kai ta. Iskar bakin ruwa da ƙarfi, za ta so mayafi mai kauri. Zan duba akwati.